Ranar da Arlo Ya Soke Hukuncin Surukinsa

Garinmu Tarbox bai taɓa rasa masu cika baki ba, amma in ana maganar gwanin wannan fanni, Arlo Pankratz ake nufi. Daga Litinin zuwa Asabar dillalin irin masara ne. Ranar Lahadi kuwa, da an taso daga coci, sai ya rikiɗe ya zama alƙalin wasan besbol: ya ɗaura garkuwar ƙirji, ya sa ragar ƙarfe a fuska, ya tsaya bayan mai cafkar ƙwallo yana kumbura kamar talo-talo. Abin kurinsa a duniya ɗaya ne, ido. Ya sha faɗa mana cewa yana ƙirga ɗinkin da ke jikin ƙwallo tana cikin iska, kuma wai ya taɓa karanta lambar wata mota daga kan tudun hurumi alhali motar tana kan gadar garin Odegard, tafiyar mil huɗu. Da aka ce ya faɗi lambar, sai ya ce ba ya tona asirin mutane.

Abokin aikinsa shi ne Wendell Sletten, yayan matarsa Marlys, mai kiwon shanun madara, mutumin da in ya yi magana goma a yini sai iyalinsa su taɓa goshinsa su ji ko zazzaɓi ne. Shekara goma sha tara suna alƙalanci tare. Arlo yana tsayawa a wurin da ake kira gida, inda mai duka ke jira da kulkinsa, Wendell kuma yana can fili yana lura da tashoshi ukun da mai gudu zai taka kafin ya dawo gida ya ci.

Kowa a Tarbox ya san ƙa'idar alƙalai: abin da ya faru a gabanka naka ne. In ka dunƙule hannu ka ce mai gudu ya mutu, to ya mutu, sai ya bar fili. In ka baza hannuwa ka ce ya tsira, ya tsira. Abokin aikinka ko da ya ga akasin haka, sai ya haɗiye abinsa, sai fa in kai da kanka ka nuna shi da yatsa ka ce, “Me ka gani?” Shekara goma sha tara Wendell yana haɗiyar hukunce-hukuncen Arlo, kuma ba ƙananan lomomi ya haɗiya ba.

Sai ga wasiƙa daga ƙungiyar alƙalai ta jiha. Za su turo wani Mista Tollefson ranar Lahadi ya kalli wasan Tarbox da Odegard, domin a ɗauki alƙali daga gundumarmu ya je gasar jiha. Mutum ɗaya tak ake so. Ita kuwa gasar jihar nan, tun Arlo yana da gashi a ka yake mafarkinta.

Ranar Asabar da safe ya shigo shagon kofi da wasiƙar a aljihun gaba, ya bar kanta ya leƙo don kowa ya gani.

“Kun san me ke kashe alƙali?” in ji shi, tun kafin ya zauna. “Rashin a gan shi. Mutum ya taso takanas daga babban birni, ya tarar da alƙalai biyu bakinsu ɗaya, wa zai ɗauka? Sai dai ya yi canki-canka.”

“To me za ka yi, rawa?” in ji Duane Hultgren, mahaucin gari kuma kocin ƙungiyarmu.

“Gyara zan yi. Duk inda Yaya Wendell ya kuskure, in fito in gyara a gaban jama'a. Mutumin nan zai ga wanda idonsa ya cika filin kaf.”

“In kuma bai kuskure ba fa?”

“Duane, kai dai tsaya a kan namanka. Ba wanda ba ya kuskure. Mai idon da zai gano shi ne yake wahalar samu.”

Iya Ardis tana teburin taga. Shekarunta tamanin da bakwai, ba ta taɓa fashin wasa ba, kuma tana zuwa da ƙararrawar wuyan saniya da baki mai kaifi. Ta ajiye cokali ta ce, “Arlo, ba kai ne bara ka gai da akwatin wasiƙa ba, ka ce masa barka da asuba, Fasto?”

“Rana ce ta kashe min ido, Iya.”

“Har hula ka cire masa.”

“Tsayinsu ɗaya da Fasto! Kowa ma zai iya.”

Shago ya ɗauki dariya. Wendell yana can ƙarshen tebur yana hura kofinsa. Duane ya juya ya ce, “Wendell, ka ji abin da surukinka ke shirya maka?”

“Na ji.”

“Ba za ka ce komai ba?”

Wendell ya yi dogon nazari, sannan ya ce, “Kofin nan da zafi.”

Yinin ranar nan gidan Arlo bai ga zaman lafiya ba. Ya fito da sabuwar ragar fuska da ya yi oda, wadda ta fi kansa girma, wai don kada ƙarfe ya tare masa gefen ido. Ya tsaya a falo yana gwajin baza hannuwa har ya mari fitilar tebur ta yi tsalle ta sauka a kicin. Marlys ta kore shi bayan gida. Can kuma ya shiga gwajin murya, ya kwarma “Ya tsira!” guda ɗaya, talo-talon maƙwabci ɗari uku suka ruga kusurwa ɗaya suka hau kan juna. Maƙwabcin ya leƙo ta kan shinge ya ce in an sake tsirar da wani a unguwar nan, shi zai kashe wani.

“Arlo,” in ji Marlys, tana share gilashin fitila, “in ka kunyata min Yaya a bainar jama'a, ni da kai ne.”

“Taimakonsa zan yi, mace. Mutum ya tsufa, ido ya ja baya, ai sai a tallafa masa.”

“Wata takwas ya ba ka.”

“Wata takwas a harkar ido ba wasa ba ne.”

Lahadi ta zo da rana mai zafi da sauro mai naci. Benci ya cika maƙil, hayaƙin masu gasa masara ya rufe bayan fili, mutanen Odegard sun zo da a-kori-kura har goma sha biyu. Mista Tollefson ɗan ƙaramin mutum ne mai malfa da ɗan littafi, kuma tsautsayi ya zaunar da shi kusa da Iya Ardis. Arlo ya fito yana taku ɗai-ɗai. Jakar ƙwallayen da ke ƙugunsa uku take ci, ya cusa mata shida don baƙo ya ga shiri. Ya share farantin gida, wanda mai gudu ke takawa ya ci, da ɗan burushinsa sau uku, bayansa na kallon benci, sannan ya juya ya rusuna wa malfar.

Zagaye na ɗaya ya wuce lafiya, abin da ya ɓata wa Arlo rai matuƙa. A na biyu ne wani ɗan Odegard ya buga ƙwallo a ƙasa, aka tsince ta aka jefa tasha ta ɗaya, ta riga shi isa da taku guda cur. Wendell, da ke tsaye taku uku daga wurin, ya ɗan dunƙule hannu kamar mai riƙe da ƙwai. Mai gudu ya juya zai fita, bai ko yi gunaguni ba.

“A'a! Ya tsira!”

Ga Arlo nan ya taso daga gida, taku talatin, hannuwa a baje, ragar fuska tana rawa. Kowa ya juyo yana kallonsa. Shi kansa mai gudun ya waiwaya ya ga ko da wani ake.

Duane ya fito daga rumfar 'yan wasa. “Arlo, lafiyarka kuwa? Wendell na tsaye a kan abin!”

“Kusanci ne ya cuce shi. Abu in ya yi kusa da ido, dishi-dishi ake ganinsa. Daga nesa ake ganin gaskiya.”

“To koma Odegard ka yi mana alƙalancin daga can!”

“Kuma na ji ƙarar ƙafa kafin ƙarar safar hannu.”

“Da ido ka ji?”

Aka juya ga Wendell. Wendell ya dubi Arlo, ya dubi sama, ya zuba hannuwa a aljihu. Mai gudu ya koma tasha yana sanɗa, kamar wanda ya tsinci abin da ba nasa ba. Arlo ya saci kallon benci, ya ga Mista Tollefson yana rubutu, zuciyarsa ta yi fari ƙal.

A zagaye na uku ya tuna cewa alƙalin kirki ba ya son kai, tunda ya cuci Tarbox dole ya cuci Odegard. Wani ɗan Odegard ya zame ya isa tasha ta biyu, har ya miƙe ya kaɗe wandonsa kafin ƙwallo ta iso. Wendell ya baza hannuwa. Arlo ya kwarma daga gida: “Ya mutu!”

Wannan karon kocin Odegard ne ya fito, Gust Rademacher, dogo mai gashin baki, wanda rabonsa da yi wa Duane magana tun rigimar shingen gona shekara shida da suka wuce.

“Da me ya mutu? Ciwon zuciya?”

“Yatsan ƙafarsa ya ɗaga daga kan tasha.”

“A cikin takalmi ka gani?”

“Gust, abin da nake gani ba kowa zai ɗauka ba.”

Daga nan wasa ya lalace. Duk hukuncin da Wendell ya yanke, ba mai motsi sai an juya an dubi Arlo. Wanda aka ce ya mutu sai ya tsaya a kan tasha yana jiran ceto, wanda aka ce ya tsira sai ya fara tattara hularsa. Mai lasifika ya daina sanar da sakamako, ya koma cewa, “Jama'a, wannan hukuncin wucin gadi ne, a dakace mu.” Wani ɗan fili ya cafe ƙwallo a sama tsaf, Arlo ya ce ta taɓa ciyawa, mutumin ya ɗaga ta ya ce, “Wace ciyawa, Mista Arlo? A kan shinge nake!” Mista Tollefson ya cika shafi ya buɗe wani, shi kuwa Arlo duk juyin shafi sai ƙirjinsa ya ƙara faɗi.

Sai zagaye na biyar. Ba kowa a kan tasha, mai jifa yana goge gumi, mai duka yana ɗaure igiyar takalmi. Wani ƙaton sauro ya sauka a gaban hancin Wendell, Wendell ya kai masa cafka ya dunƙule hannu. Arlo ya hango dunƙulen hannu ta gefen raga, bai tsaya tambaya ba.

“Ya tsira! Ya tsira, na ce!”

Ya iso tsakiyar fili da gudu, hannuwa a baje, ya duba tasha ta ɗaya, ba kowa. Ya duba ta biyu, ba kowa. Wendell ya buɗe tafin hannunsa a hankali, sauron ya tashi ya yi gaba.

Iya Ardis ta kaɗa ƙararrawa ta ce, “Wannan kam ya yi daidai! Ku tafa masa, yau ya ga ɗaya!”

Benci ya kece. Har wani ya faɗo daga layin sama don dariya, masararsa na hannu bai sake ta ba. Wendell bai yi dariya ba. Ya cire hularsa ta alƙali, ya naɗe ta ya sa a aljihun baya, ya tako har gaban Arlo.

“Arlo.”

“Na'am, Yaya?”

“Tunda kana gani daga ko'ina, ga filin nan.”

Ya wuce ta ƙofar shinge, ya sayi masara guda, ya hau benci ya zauna kusa da ƙanwarsa. Ba wanda ya taɓa ganin Wendell ya yi fushi, kuma gaskiya ko ranar ba za a rantse fushi ya yi ba, don har gishiri ya nema.

Da wani ne, da ya sha jinin jikinsa. Arlo kuwa murna ya yi, ya ce a ransa yanzu baƙo ba shi da wanda zai kalla sai shi. Abin da bai lissafa ba shi ne gudu. Kowace buga sai ya fizge daga gida da garkuwa da ƙarfen ƙwauri da jaka mai ƙwallo shida tana dukan cinyarsa, ya bi mai gudu zuwa tasha, ya dawo yana haki. Kafin zagaye na bakwai rigarsa ta jiƙe sharkaf, sabuwar raga kuma ta fara zamewa tana juyawa duk inda ta ga dama.

A nan ne wani ɗan Tarbox ya yi satar tasha ta biyu, wato ya ruga can tun ba a buga ƙwallo ba. Daga gida Arlo ya dunƙule hannu: “Ya mutu!” Sannan ya ruga wurin, ya durƙusa ya duba sawun ƙafa a ƙasa, ya miƙe ya baza hannuwa: “Ya tsira!”

Duane da Gust suka fito tare, kowa daga rumfarsa.

“Wanne ne?” in ji Gust.

“Alƙalin gida ya ce ya mutu, alƙalin fili ya ce ya tsira. Ku ba mu wuri mu yi shawara.”

“Kai da wa?” in ji Duane.

“Ka ja baya, Duane. Ba a sa baki in alƙalai na ganawa.”

Ya koma gefe, ya juya wa jama'a baya. Ya sa raga ya yi magana ƙasa-ƙasa yana nuna ƙasa da yatsa, ya cire raga ya girgiza kai, ya sake sa ta ya daki tafin hannu. Ganawar ta yi zafi, har aka ji wani a cikinsu ya ce, “Kar ka raina min hankali.” Can ya juyo ya gyara murya.

“Mun sasanta. Bai mutu ba, bai tsira ba. Ya koma tasha ta ɗaya.”

“Suma ya yi ke nan!” in ji Iya Ardis. “A kawo ruwa!”

Duane ya shuri ƙasa ta watsu a kan takalmin Arlo, Arlo ya nuna masa ƙofa: kora. Gust ya fashe da dariya, shi ma kora, laifinsa dariya ba da izini ba. Su biyun suka fita ta ƙofa ɗaya, suka hau bayan a-kori-kura ɗaya a wajen shinge, kafin a jima har sun raba masara biyu suna zagin mutum ɗaya. Fasto ya shekara shida yana neman sulhun nan bai samu ba.

“Arlo Pankratz!” Muryar Marlys ce daga benci. “Ka je ka ba Yaya haƙuri tun kafin ka faɗi a filin nan!”

Arlo ya juya a fusace, yatsan kora ya riga ya tashi sama.

“Ƙarasa ɗaga shi mu gani,” in ji Marlys.

Ya sosa kunne da shi.

Haka aka lallaɓa har zagaye na tara, wato na ƙarshe, huɗu da huɗu, Tarbox ce da duka, mutum biyu sun mutu, in na uku ya mutu damarsu ta wuce. A tasha ta biyu akwai Lyle mai gyaran famfo, mutum mai tumbi da saurin tarakta. In ya iso gida, Tarbox ta ci wasa. Mai duka ya maka wa ƙwallo kulki, ta tsallake kan 'yan gaba ta faɗa fili. Arlo ya bi mai dukan zuwa tasha ta ɗaya don ya ga ko zai taka. Yana tsakiyar hanya ya ji benci na ihu, “Gida! Gida!” Ya waiga, ga Lyle ya zagayo tasha ta uku yana tafe kamar an saki bijimi, ga ƙwallo an jefo daga nesa, gida kuwa ba alƙali.

Ya yi kwana ya kwasa. Shi daga gabas, Lyle daga yamma, Norbert mai cafkan Odegard a tsakiya ya buɗe safar hannu yana jiran ƙwallo. Su ukun da ƙwallon suka iso lokaci guda.

Ƙarar da aka ji, mutanen da ke bayan fili sun ɗauka murhun masara ne ya kife. Da ƙura ta lafa, sai ga Lyle a kwance rub da ciki, Arlo a kwance rigingine, ragar fuskarsa ta juya ta koma ƙeya, matashin cikinta ya rufe masa ido ruf. Jakar ƙugunsa ta fashe. Ƙwallaye suna ta gangarawa ko'ina, Norbert yana rarrafe yana tsinta, don sai ya taɓa mai gudu da ƙwallon wasa zai mutu, ya taɓa Lyle da wannan, ya jefar, ya tsinci waccan ya sake taɓa shi, har ya ƙare da ɗaya a kowane hannu da ɗaya a hammata.

Kowa yana jiran alƙali.

Arlo ya tashi zaune. Duhu kawai yake gani. Ya shafa fuskarsa ya ji fata da soso inda ya kamata ya ji ƙarfe. Ya san mutum ɗari huɗu da malfa ɗaya shi suke kallo, kuma bai ga ko ƙyas ba. A hankali ya ɗaga hannu, ya nuna inda yake zaton benci yake. Ashe mai gasa masara yake nunawa.

“Hagu,” in ji Iya Ardis. “Ƙara. Yauwa.”

“Yaya Wendell,” in ji Arlo, da wata 'yar murya da ba mu san yana da ita ba, “me ka gani?”

“Ba a ji a baya!” in ji Duane daga kan mota.

“Me ka gani, Yaya!”

Wendell ya tauna abin da ke bakinsa ya haɗiye. Ya miƙa wa Marlys totuwar, ya miƙe tsaye. “Ƙafar Lyle ta taka faranti. Ƙwallon wasa ba ta shiga hannun Norbert ba, tana ƙarƙashinka, a kanta kake zaune.” Ya baza hannuwa. “Ya tsira.”

Mutanen Tarbox suka cika baki da iska za su yi ihu. Da Arlo ya yi shiru na daƙiƙa biyu kacal, da an ɗauke shi a kafaɗa, da an yafe masa komai har da sauro. Amma yini guda yana horar da bakinsa abu ɗaya, bakin kuma bai jira mai shi ba.

“A'a! Ya mutu!”

Ya faɗe ta a zaune, fuska a rufe, hannu a dunƙule, yana fuskantar wurin ajiye motoci.

Norbert ya dubi ƙwallayen da ke hannunsa ya ce, “Mista Arlo, ni fa ɗan Odegard ne, amma ina zuwa coci. Ban taɓa shi da ta gaskiya ba.”

“Kai ma an kore ka!”

Ƙararrawar Iya Ardis ce ta fara, sannan totuwar masara ta biyo baya, daga ɓangaren Tarbox da na Odegard ba bambanci. Suna sauka a kan garkuwarsa tim, tim, shi kuwa yana ta juyi yana korar mutanen da ba ya gani. Lyle ne ya ji tausayinsa, ya kama ragar ya juyo masa da ita gaba. Abin da Arlo ya fara gani a duniya shi ne Mista Tollefson tsaye a gabansa, ya rufe littafinsa. Mutumin ya ce ya ɗan ɗaga, Arlo ya ɗaga, Mista Tollefson ya sunkuya ya zaro ƙwallo mai ƙasa-ƙasa daga ƙarƙashinsa ya nuna wa jama'a. Tarbox biyar, Odegard huɗu.

“Mista Sletten,” in ji Mista Tollefson, ya juya ga benci, “ranar Asabar ƙarfe goma sha biyu, a filin gasar jiha da ke garin Halvard. Ka zo da kayanka.”

“To,” in ji Wendell.

“Kai ma, Mista Pankratz, muna son ka.”

Arlo ya miƙe zumbur, ya kaɗe totuwa daga kafaɗa.

“Shekarata talatin a harkar nan ban ga mai baza hannu irinka ba. Muna neman mai nuna wa motoci wurin tsayawa.”

Kada ku ce abin ya karya shi. Litinin da safe yana shagon kofi yana bayani: an damƙa masa ƙofar gasar baki ɗaya, ba mai shiga sai da izinin hannunsa, alƙalai ma a ƙarƙashinsa suke tunda sai ya ajiye su za su sauka.

Ranar Juma'a aka kwana ana ruwa a Halvard. Wurin ajiye motocin wani filin kiwo ne, washegari Arlo yana tsakiyarsa da falmaran mai ruwan lemo, tare da wani dattijon garin da ya san filin kamar tafin hannunsa. Da a-kori-kurar Wendell ta shigo, dattijon ya nuna masa tudu kusa da ƙofa, inda aka ware wa alƙalai.

“A'a! Nan!”

Arlo ya baza hannuwa yana nuna wani wuri can gefe, shimfiɗaɗɗe, sumul, yana ƙyalli. Wendell ya sauke gilashi. Ya dubi tudun, ya dubi wurin mai ƙyalli, ya daɗe yana duban Arlo. Sannan ya juya sitiyari ya shiga inda aka nuna masa. Motar ta nutse har gindin ƙofa.

Ya fito ta taga, ya taka bayan mota ya dira a busasshen wuri da jakarsa a kafaɗa.

“Yaya,” in ji Arlo, “ba ka ga taɓo ba ne?”

“Na gani.”

“To me ya sa ka shiga?”

“Nan wurinka ne, Arlo. Ba ka tambaye ni ba.” Ya jefa masa makulli. “Da ita zan koma tatsar shanu.”

Ya wuce ya shiga fili. Arlo ya zura makulli a aljihu. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga taɓo ya sa kafaɗa a bayan motar. Yana nan yana turi aka fara gasar jiha a bayan katanga, yana jin ihun jama'a, yana jin lasifika na kiran sunan Wendell Sletten na Tarbox, amma ko jifa ɗaya bai gani ba. Sai da aka tashi wasa tarakta ta zo.